Alƙalin da Ke Ɗaukaka Ƙara

A duk filin ƙwallon da aka sani, wanda hukunci bai yi wa daɗi ba shi ne ke neman na gaba ya kai kukansa. A filin bayan kasuwa kuwa, alƙalin wasan ne da kansa ke ɗaukaka ƙara. Da zarar an yi wata ƙeta mai rikici, 'yan wasa suka yanyame shi kowa na rantsuwa da iyayensa, sai ka ga ya ɗaga hannu ɗaya sama, usur na rawa a bakinsa bai busa ba, ya juya da ɗan gudunsa na mai ciwon gwiwa ya nufi bakin layi wurin mai riƙe da tuta. Mai tutar nan wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa tun da daɗewa aka manta sunan yankan alƙalin. Tambayo ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Abin ba a filin ƙwallo ya samo asali ba. Tsohuwarsu kan ba da labari cewa tun yana rarrafe, in ta ce masa, "Ka ƙoshi?" sai ya ɗaga kai ya dubi Yaya. In Yaya ya gyaɗa kai, to ya ƙoshi. In Yaya ya girgiza, sai ya sake buɗe baki. Ba wai dolo ba ne, yana da kai, karatu ma ya fi wan nasa nesa ba kusa ba. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne ya tsaya tsakanin abu biyu ya ce wannan. Duk lokacin da aka ajiye masa biyu, sai ya ga kowanne yana da gaskiyarsa, ya ji tausayin wanda zai bari.

Yaya kuwa an yi shi ne da ragowar kayan da ya kamata a yi mutum biyu. Faɗinsa faɗin ƙofar shago, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, kuma tunda yake bai taɓa shakkar komai ba, ko da bai san kan zancen ba. A makaranta in an tsare ƙanen a bayan aji, ba ya ramawa, ba ya gudu, cewa yake, "Ku dakata in tambayo Yaya." Yaran da ba su san Yaya ba sukan dakata. Sau ɗaya kowa ke yin wannan kuskuren.

Da suka girma Yaya ya zama mai walda, Tambayo ya zama mai facin taya, rumfarsa na bakin babban titi, tsakanin mai sayar da man inji na juye da mai wankin mota. Sana'ar ta karɓe shi, don a faci ba kai ke yanke hukunci ba. Ka hura robar ciki, ka danna ta cikin bahon ruwa, ka juya a hankali, inda kumfa ta taso nan ne hujin. Ko direba ya yi rantsuwa cewa ba nan ba ne, sai Tambayo ya nuna masa kumfar ya ce, "Ni ma ba ni na faɗa ba, ga ruwa nan."

Aurensa ma ta wannan hanyar ya bi. Ya daɗe yana zuwa zance wurin wata yarinya mai ɗinki, ya zauna ya yi ta murza hula, ya tashi bai ce komai ba. Ita ce ta gane inda kotun take. Ta daina ɓata bakinta wurinsa, ta yafa mayafi ta tafi shagon walda, ta tarar da Yaya durƙushe yana haɗa ƙyauren ƙarfe. Ta ce, "Yaya, ƙanenka yana sona ko ba ya sona? Shekaru suna tafiya." Yaya bai ko ɗaga hular waldar daga fuskarsa ba ya ce, "Yana sonki. Ki ce a gida za mu zo." Da Tambayo ya ji labari sai ya yi ajiyar zuciya ya ce dama shi ma abin da yake zato ke nan.

Alƙalancin kuwa tsautsayi ne ya kawo shi. Masu sana'o'in unguwa suna da gasarsu ta ƙwallo: direbobi da ƙungiyarsu, kafintoci da tasu, makanikai, mahauta, magina. Filin ƙasa ne jajir, babu ciyawa, gefe ɗaya katangar kasuwa, gefe ɗaya kwata. Matsalar gasar ba 'yan wasa ba ce, alƙalai ne, don ba sa ƙarko. Wani malamin makaranta ya busa wasa ɗaya ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya da kunne a kumbure. Wani tsohon ɗan sanda ya yi ƙoƙari, shi a cikin kwata aka tsamo shi. Sai shugaban kwamitin gasar, wani mai sayar da katako, ya ce a nemo mutumin da ba wanda zai zarge shi da son kai, tunda ko ra'ayin kansa ba shi da shi. Duk aka dubi rumfar faci.

Tambayo ya ce a bari ya tambayo. Yaya ya ce, "Karɓi. Ni zan riƙe maka tuta."

Haka aka kafa tsarin da ya yi shekaru yana aiki. Ƙananan abubuwa, wurgi da bugun kusurwa da ƙetar da makaho ma zai gani, Tambayo ke busawa. Amma in magana ta kai ga fenareti, ko jan kati, ko ƙwallon da ake gardamar ta haye layi, sai ya nufi bakin fili. 'Yan kallo ma sun san hanya, tun kafin ya motsa suke ihu, "A kai wa Yaya! A kai wa Yaya!" Ya isa ya kara kunne. Yaya ba ya raɗa. Yakan ɗaga tuta, ya bugi ƙirji da ɗaya hannun har a ji ƙarar a bakin kasuwa, ya ce, "Fenareti ce! Ni na gani! Wanda bai yarda ba ya zo!"

Kuma suna zuwa. Nan ne hikimar abin take: duk wanda hukunci ya ƙona, ya san ba mai usur ne ya ƙona shi ba. Sai a ratsa ta gefen Tambayo, wani ma har ya ce masa "gafara dai", a auka wa mai tuta. Yaya yana tarbarsu da murna irin ta wanda baƙi suka zo masa daga nesa. Sandar tutar tasa bututun ƙarfe ce da ya yanka a shagonsa. Da kwamiti ya yi ƙorafi, sai ya shafa mata fenti ruwan ƙasa ya ce katako ce. Ya fasa kawuna da ita, ya karya yatsu, ya taɓa ɗaga wani bakanike sama ya jefa kan 'yan uwansa suka zube tare. Shi ma ya sha nasa. An cire masa haƙoran gaba da ƙafar benci, an tsaga masa gira da sarƙar babur, wani kafinta ya cije masa kunne har ya tafi da ɗan guntu. Da yamma sai ka gan su suna komawa gida, Yaya jina-jina yana dariya yana ba da labarin wanda ya fi ƙarfin naushi, Tambayo tsaf da farar rigarsa ko ƙura babu, yana riƙe masa tuta yana cewa, "Sannu Yaya. Sannu Yaya."

Ranar da abin ya daina zama abin dariya, direbobi ne da magina. Ƙwallo ta bugi turken raga ta dawo, magina suka ce ta shiga, direbobi suka ce ko kusa. Tambayo ya ruga bakin layi. Yana tsaye gaban wansa, ya ɗaga kai yana jiran hukunci, sai ya ji wani abu ya wuce ta saman hularsa da iska. Rabin bulo ne. Ƙarar da ya ji ba ta da ƙarfi, kamar an taka ɗanyen ƙwai ne a cikin tsumma. Sai ɗumi a fuskarsa, ya duba ya ga farar rigar ta zama ja tun daga wuya. Yaya bai faɗi ba. Ya tsaya da tuta a sama, hannu ɗaya dafe da idon hagu, jini na bin tsakanin yatsunsa yana gangarowa gwiwar hannu, yana cewa, "Ta shiga. Na ce ta shiga." Sannan ya zube ƙasa.

Idon bai tsira ba, cire shi aka yi. Likitan ya kira Tambayo da matar Yaya gefe ya gaya musu sauran. Ya ce na daman ma wutar walda ta daɗe tana cinsa, abin da ke riƙe da ganin ya yi laushi ƙwarai. Zai iya aiki da shi har tsufa in an lallaɓa. Amma duka ɗaya mai ƙarfi a ka, ko mari ne, to sai dai sanda da ɗan jagora.

Yaya ya saurari wannan bayani daga bakin matarsa, ya ce likitoci dama tsoro ne sana'arsu. Da ciwon ya warke ya sayi baƙin tabarau, ya koma shago, ya kuma tambayi inda aka ajiye masa tuta.

Ana cikin haka gasar ta zo ƙarshe, makanikai da mahauta za su buga wasan kofi. Duk unguwa ta san abin da wannan ke nufi. Masu shaguna na kusa da fili suka fara shawarar rufewa da wuri.

Wata rana da hantsi Tambayo na durƙushe gaban baho yana juya roba, sai ya ga inuwa ta rufe ruwan. Matar Yaya ce. 'Yar firit ce, ko kafaɗar mijinta ba ta kai ba, kuma kullum in ta biyo sai ta tsokane shi, ta ce mijina na biyu, yaushe za ka yi mini ɗinki. Yau ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta ɗauki dogon ƙarfen da yake ɓalle taya da shi, ta auna nauyinsa a hannu.

"Anti, lafiya? Ajiye, zai ɓata miki hannu."

"Yau ba wasa ya kawo ni ba. Ka ji abin da likita ya ce ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Anti."

"To. Wan naka ya ƙi ajiye tuta. Na yi kuka, na yi yaji, na kai shi ƙara wurin Tsohuwa, ya ce ko a kan gadon asibiti ne sai ya ɗaga ta. Saura kai."

"Ni ma na ce masa zan bar alƙalancin gaba ɗaya. Ya ce in na ajiye usur shi zai ɗauka, ya shiga tsakiyar fili da kansa."

"Na sani. Saboda haka za ka busa. Zai tsaya a bakin layi da tutarsa kamar kullum. Amma ko sama za ta faɗo, ba za ka je wurinsa ba. Ba wanda ke dukan mai tuta sai in alƙali ya kai masa magana. Kai kake kai masa duka har inda yake tsaye, shekara da shekaru, a cikin farar riga."

Maganar ta shige shi kamar ƙusa a taya.

"To in abu ya rikice fa, Anti? Wa zan..."

"Kanka! Wannan abin da kake ɗora wa hula!" Ta nuna shi da ƙarfen. "Yara biyar gare mu, dukkansu da idon nan ɗaya suke ci. In ya mutu a filin nan, wallahi da wannan ƙarfen zan zo in yi maka faci a ka."

"In aka taso mini kuma, ai Yaya ba zai tsaya kallo ba. Shigowa zai yi."

"Wannan ka bar mini. Ni na san yadda zan yi da mijina."

Ta jefar da ƙarfen cikin baho, ruwa ya fantsamo masa a fuska, ta tafi.

A gida matarsa ta yi ƙoƙarin ba shi horo. Ranar wasan da safe ta ɗauko riguna biyu ta ɗaga. "Baban yara, fara ko baƙa? Yi sauri, mahauta na jiranka."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Farar ta fi kyau. Amma baƙar ba ta nuna datti. Ke wacce kika gani?"

"Innalillahi. Yau sai gawarka." Ta jefa masa baƙar. "Sa wannan, ko ba komai ba zan sha wahalar wankin jini ba." Ta faɗa da wasa, amma da ya juya zai fita sai ta riƙe masa hannu ta daɗe ba ta saki ba.

Fili ya cika har kan katanga. An tsayar da mutane a bakin shiga suna karɓe wuƙaƙen mahauta, aka tara su a buhu. Makanikai kuwa kowa ya ce aiki ya taso daga gareji, shi ya sa akwai sifana a aljihunsa. Yaya na bakin layi ta gefen katanga, baƙin tabarau a fuska, ƙirji a gaba, tuta a kafaɗa. A bayansa kaɗan Tambayo ya hango matar Yaya zaune kan wani buhu, kusa da ita wasu ƙartan 'yan dako na kasuwa suna tsaye sun harɗe hannu, ba su yi kama da masu kallon ƙwallo ba.

Aka take wasa. Tambayo ya ɓullo da dabarar busa komai tun bai zama magana ba. Kafaɗa ta gogi kafaɗa, fir. Wani ya harari wani, fir. 'Yan kallo suka fara zaginsa, suna cewa ko kuɗin iska aka biya shi. Sau biyu aka yi abin da a da zai kai bakin layi, ya runtse ido ya ba da bugun tazara ya wuce. Yaya ya yi ta kaɗa tuta yana kiransa, "Kai! Zo nan! Ba haka ba ne!" Tambayo ya yi kamar kunnensa ya toshe. Kowane ɓangare ya ci ɗaya. Rana ta yi sanyi, lokaci ya kusa cika, har ya fara yi wa Allah godiya a zuci.

Sai ɗan gaban makanikai, wani siriri mai gudu da ake kira Sifana, ya tsinke da ƙwallo ya shiga da'irar gola. Mai tsaron bayan mahauta, wani gajere mai faɗi da ake kira Gatari, ya zubo masa da ƙafa biyu. Ƙura ta tashi. Sifana ya yi sama, ya faɗo, ya yi ta birgima yana ihu kamar an yanka shi. Tambayo kuwa bai ga komai ba. Daidai lokacin wani ƙaton mahauci ya gifta ta gabansa, abin da ya gani kawai lambar da ke bayan rigarsa.

Kafin ya ƙifta ido sun rufe shi. Makanikai na ihu a kunnen dama, "Fenareti! Ya kashe shi!" Mahauta na ihu a na hagu, "Ƙwallo ya taɓa! Ƙarya yake, ɗan wasan kwaikwayo!" Yawu na sauka a fuskarsa, wani ya riƙe masa riga, wani na taka masa ƙafa. Daga katanga kuma aka ɗauki waƙar da aka saba, "A kai wa Yaya! A kai wa Yaya!"

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi sama ba. Ƙafafunsa, da suka yi shekaru suna bin hanyar nan, suka ɗauke shi ba tare da sun nemi izini ba. 'Yan wasa suka buɗa masa. Ya yi rabin hanya kafin ya ɗaga kai.

Ya ga Yaya ya gyara tsayuwa, ya riga ya ɗaga hannun da zai bugi ƙirji, fuskarsa cike da farin ciki. Ya ga abin da ke bayan Yaya. Ta dama magoya bayan mahauta sun sauko daga katanga, wani ya ɓalle ƙafar benci, wani na tsintar duwatsu yana tarawa a gaban riga. Ta hagu mutanen gareji sun zaro sifanu, wani na naɗe bel ɗin inji a hannu. Duk abin da Yaya ya faɗa, rabin mutanen nan a kansa za su sauka. Kuma ba wanda ke kallon ƙirjinsa ko kafaɗarsa. Kansa suke kallo.

Tambayo ya ja birki har ƙura ta tashi.

"Ƙaraso mana!" in ji Yaya. "Na gani! Na ga komai!"

Ya juya wa wansa baya. Tunda aka haife shi bai taɓa yi ba. Yanzu ga abu biyu a gabansa, kuma babu bahon ruwa. Fenareti ko ba fenareti ba? Bai gani ba, ba zai taɓa sani ba. Sai tambayar ta juye masa ta zama wadda zai iya amsawa: dukan wa zai fi iya ɗauka? Makanikai na da ƙarfe a hannu, kuma bakanike duk abin da ya ƙi kwancewa bugunsa yake har sai ya kwance. Mahauta an karɓe musu wuƙaƙe, sannan mahauci ko ba komai ya san inda ƙashi yake da inda tsoka take, ba ya son ɓata nama.

Ya ruga da gudu, ba wajen da'irar kawai ba, har can ɓangaren kwata, nesa da katanga iyakar nisan da filin ya ba shi. Ya tsaya, ya busa usur da duk iskar cikinsa, ya nuna wurin bugun fenareti. Sannan ya bugi ƙirjinsa, bugun da ya sa shi tari, ya ce da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Fenareti ce! Ni na yanke! Ba wanda ya gaya mini! Ni ne!"

Mutane suka dubi juna. Wani tsoho a kan katanga ya ce, "Tambayo ne kuwa?"

Gatari ne ya fara isowa. Bai yi gudu ba, tafiya ya yi. Ya tsaya gabansa ya ce, "Baba Tambayo, ka tambayo kuwa?"

"Ban tambayo ba."

"To Allah ya ba mu haƙuri."

Marin ya ɗauke shi daga ƙasa. Ya ga wuta, ya ga katanga ta koma sama, ya ji ƙasa ta bugi bayansa. Kafin duhu ya rufe gefen idonsa ya hango abin da yake son gani. Yaya ya yi ruri ya zabura zai shigo fili, sai matarsa ta yi tsalle daga kan buhu ta kifa masa hular walda a ka, 'yan dakon nan suka rungume shi ta ko'ina, biyu a ƙafa, biyu a hannu, ɗaya a ƙugu, suka ɗaga shi cak kamar firji suka yi hanyar kasuwa da shi, yana shure-shure yana zagi daga cikin hula, tutar na jan ƙasa.

Daga nan Tambayo ya sa hannu biyu ya rufe kai ya ba da jiki.

Lissafinsa game da mahauta bai fita daidai ba. Sun san inda ƙashi yake, gaskiya ne, kuma nan suka nufa. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ya sauka a haƙarƙarinsa, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki kamar an karya busasshen kara. Wani ya taka masa hannu ya murza. Ƙafar bencin da aka tanadar wa Yaya ta iso, ta same shi a baki, ya ji haƙora sun cika masa baki kamar tsakuwa, ga gishirin jini. Usur ɗin bai faɗi ba, igiyarsa ta naɗe a wuya, ya maƙale tsakanin leɓɓansa da suka fashe, duk shurin da aka kai masa a ciki sai iska ta fita ta cikinsa ya ce fir. Shuri, fir. Shuri, fir. Wani daga cikin masu dukan ma dariya ta kama shi, amma bai fasa ba.

Makanikai suka iso a guje, ba don ceton alƙali ba, don ceton fenaretinsu. Sifana da ake cewa ya mutu ya miƙe garau ya fasa wa Gatari gira da dutse. Bel ɗin inji ya yi kuka a iska ya sauka a gadon bayan wani. Aka kama gola aka naɗe shi cikin ragarsa aka yi ta tattakawa. Turken raga ya karye ya faɗo kan mutum uku. Shugaban kwamiti ya rungume kofi ya haye katanga, wani ya jawo ƙafarsa, kofin ya gangara cikin kwata. Ana ta yi a kan Tambayo da gefensa, wanda ya faɗi ya faɗo masa, wanda ya tashi ya taka shi ya tashi. Sai da jiniyar 'yan sanda ta taso daga babban titi sannan kowa ya tuna yana da gida. Fenaretin dai har yau ba a buga ta ba.

Ya farfaɗo ya ji ana girgiza shi, ga ƙarar ƙarfe ƙiiƙ, ƙiiƙ. A cikin baro yake, na 'yan dako, ƙafafunsa na reto ta gaba. Ido ɗaya ya kumbure ya rufe, ya buɗe ɗayan da ƙyar. Sama ya gani, da wayoyin lantarki, da fuskar Yaya a kife a kansa yana tura baron. Babu hula, babu tabarau. Ramin idon hagu a shafe, na dama kuwa ja wur don fushi, yana juyawa yana kallon hanya, lafiyarsa lau. A baya yana jin takun matan biyu, tasa na kuka, ta Yaya na ce mata ai ya yi ƙoƙari.

Ya so ya yi magana, ya ji hannunsa na dama a dunƙule, an damƙa masa wani abu a ciki. Haƙoransa ne, wani ya tsince su.

"Yaya," ya ce, maganar na fita da iska. "Kana gani?"

"Ina gani mana. Da me nake tura ka?"

Suka yi ɗan nisa. Yaya na huci.

"Ka wuce ni," in ji shi. "A gaban mutane. Ka zo rabin hanya ka juya mini ƙeya kamar turken lantarki. Sannan aka ɗauke ni kamar kayan miya, ni, a gaban mahauta."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Kuma ba fenareti ba ce."

Tambayo ya ƙura masa idon da ke buɗe.

"Ko kusa. Gatari ƙwallo ya taɓa, tsaf. Ko gashin ƙafar yaron can bai shafa ba. Tunda nake riƙe tuta ban taɓa ganin abu sarai kamar na yau ba. Hukunci ɗaya ka yanke a rayuwarka, shi ma ka yanke shi a karkace."

Tambayo ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi, sai hawaye ya gangaro ta gefen idon da ke buɗe ya shiga kunne. Yaya ya tsayar da baron a bakin titi. Ya cire rigarsa, ya naɗe ta, ya ɗaga kan ƙanen a hankali da tafin hannu ɗaya ya tura masa a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallon fuskar da ta koma kamar ba ta ɗan'uwansa ba. Ya ja hanci da ƙarfi, ya tofar, ya sake kama hannayen baron.

"Riƙe haƙoran nan da kyau," ya ce. "Akwai rami a gaba."